Igiya Ɗaya, Karnuka Uku: Yadda Rashawa Suke Kama Kyarkeci da Ransa a Da

Akwai wata farauta da Rashawa suka shafe ɗaruruwan shekaru suna yi wadda ba a ɗaukar mata bindiga. Mutum zai fita bisa doki da wuƙa a ƙugu, da doguwar bulala, da ƙaho rataye a kafaɗa, da igiyar ƙiri wadda ya zarga wa karnuka biyu ko uku. Da yamma sai ga shi ya dawo da kyarkeci ɗaure a bayan sirdi, wani lokaci ma da ransa, yana zazzare ido. Kyarkecin Rasha kuwa ba abin rainawa ba ne. Namijin da ya ƙosa yakan kai kilo 40 zuwa 50, yana da muƙamuƙin da ke farfasa ƙashi, ga wayo, ga juriyar da zai kwana yana tafiya bai gaji ba. Karen da aka samar domin tarar wannan dabba a fili shi ne borzoi, sunan da ya fito daga wata tsohuwar kalmar Rashanci mai nufin sauri.

Karnukan farauta iri biyu ne: karen hanci da karen ido. Karen hanci yana sunkuyar da kai ya bi wari, yana tafe yana haushi don mai shi ya san inda aka nufa, kuma zai iya yini a kan sawu ɗaya. Karen ido ba ruwansa da sawu. Kansa a sama yake, yana duban sarari, da ya hango motsi sai ya zabura shiru, cikin minti ɗaya ko biyu an gama magana, ko ya kama ko ya rasa. Saluki na Larabawa da Farisawa karen ido ne, haka karen tseren Ingila, haka kuma siririn karen nan na Buzaye da duniya ta sani da sunan azawak, sunan kwarin da ke arewacin Tawa. Wanda ya taɓa ganin karen Buzu ya miƙe a bayan barewa ya riga ya san rabin siffar borzoi. Sauran rabin girma ne da gashi.

Namijin borzoi yana da tsayin santimita 75 zuwa 85 daga ƙasa zuwa kafaɗa, ta mace kuma 68 zuwa 78, wato idan ya tsaya kusa da mutum bayansa yana kai wa ƙugu. Duk da wannan tsayi, in ka dube shi ta gaba sai ka ga kamar ba shi da faɗi, domin haƙarƙarinsa a shafe yake, ƙirjin ya yi zurfi ƙasa har kusan gwiwar ƙafar gaba maimakon ya buɗe gefe da gefe. A cikin wannan zurfi babbar zuciya da huhu ke zaune, siririntar kuma ita ke ba ƙafafun baya hanya su wuce ta gefen na gaba lokacin sukuwa. Daga ƙirji cikin ya ɗage sama ya manne da ƙugu. Gadon baya ya ɗan yi doro a kan kwankwaso, kuma wannan doro shi ne asirin gudun. Kamar baka yake a hannun maharbi: karen ya tanƙwara shi har ƙafafun baya su zarce na gaba, sannan ya sake shi ya miƙe sambal. A kowane zagaye na sukuwa sau biyu dukkan ƙafafunsa huɗu ke barin ƙasa, sau ɗaya yana dunƙule, sau ɗaya yana miƙe. Da haka yake kai gudun kusan kilomita 60 a awa.

Kan dogo ne siriri, goshi da hanci kusan a layi ɗaya, fatar ba ta da kauri har ana ganin jijiyoyi a kan ƙashin hanci. Dogon bakin yana da amfani biyu: yana ƙara masa tsawon kaiwa ga abin da yake bi, yana kuma ba haƙora wurin kama wuyan dabba mai kaurin gashi. Idanun manya ne masu duhu, kuma masu bincike sun gano cewa a idon karnuka masu dogon baki, ƙwayoyin gani sun jeru a kwance daga gefe zuwa gefe, abin da ke sa su lura da motsi a faɗin sarari ba tare da sun juya kai ba. Kunnuwan ƙanana ne, a kwance suke a ƙeya har sai wani abu ya ja hankalinsa ya ɗaga su. Dagin ƙafarsa dogo ne matsattse irin na zomo, mai riƙe ƙasa a wajen juyi. Wutsiyar doguwa ce mai geza, mafarautan Rasha ma ba sa kiranta wutsiya, suna kiranta da kalmar da ke nufin abin daidaita tafiya, domin da ita yake gyara nauyinsa idan ya karya kwana a guje.

Sai gashin, wanda shi ya bambanta shi da sauran danginsa. Dogo ne mai santsi, wani a kwance, wani mai lanƙwasa, gajere a kai da gaban ƙafafu, mai yawa a wuya da ƙirji da bayan cinya. A lokacin sanyi wani lallausan gashi yakan tsiro a ƙarƙashinsa, ya zube idan zafi ya shigo. Tarin gashin wuyan yana kare shi daga iska, yana kuma rage kaifin haƙorin kyarkeci. Launi kuwa akwai fari, da ja, da ruwan toka, da baƙi, da mai dabbare-dabbare. Wannan riga ta ƙasar dusar ƙanƙara ce, kuma duk wanda ya kawo irin wannan kare cikin zafin bazarar Sakkwato ya zalunce shi.

Tarihinsa ya haɗu da na Tatar, Musulmin da suka zauna a gaɓar kogin Bolga da filayen kudu, mahaya dawakai masu farauta da siraran karnuka. Wani jakadan daular Habsburg, Sigismund von Herberstein, wanda ya je Mosko a 1517 da 1526, ya bayyana yadda ya halarci farautar zomaye da karnuka tare da Sarki Vasily na Uku. Ɗan wannan sarki, Ivan na Huɗu, ya ci Kazan da yaƙi a 1552, ya ci Astrakhan a 1556. Masanin farauta Leonid Sabaneyev ya tafi a kan cewa manyan Tatar da aka zaunar a yankunan Kostroma da Yaroslavl bayan haka sun je da karnukansu, aka haɗa su da karnukan arewa masu kaurin gashi, daga nan aka sami kare mai gudun kudu da rigar arewa. Ɗalibin fiƙihu ba zai yi mamakin ganin Musulmi a tushen wannan sana'a ba, tunda shari'a ta halatta abin da horarren kare ya kamo, wato karen da ke tafiya in an tura shi, ya tsaya in an tsawata masa.

Horon kuwa a nan aikin yake, kuma yana cin shekaru. Borzoi ba ya cika girma sai ya doshi shekara uku. Ɗan kwikwiyo ana barinsa ya yi ta guje-guje a fili da 'yan'uwansa, domin ƙashi da jijiya ba sa ƙwari a cikin keji. Abincinsu a manyan gidajen farauta na da fate-faten hatsin ot ne da ake dafawa da nama, galibi naman doki. Idan ya tasa sai a fara koya masa ladabi: ya saba da abin wuya, ya yi tafiya a gefen hagu na doki ba ya shiga tsakanin ƙafafunsa, ya ratsa garken tumaki da kajin ƙauye bai ɗaga kai ba, ya dawo idan ya ji ƙahon maigidansa, ya saki abin da ya kama idan an ce ya saki. Karen da ya yaga zomo ko ya bi tunkiya abin kunya ne ga mai horar da shi. Makonni kafin lokacin farauta ake fara fita da su doguwar tafiya a bayan doki, kullum ana ƙara nisa, har kitse ya narke, tafin dagi ya yi kanta. Da zomo ake fara gwada matashi. Kyarkeci sai daga baya, kuma a gefen tsohon kare wanda ya san inda ake kamawa.

Igiyar da ake riƙe su da ita ana kiranta sibora, kuma sunan ya haɗa har da karnukan da ke cikinta. Ƙiri ne mai tsawon mita da dama. Bakinsa ɗaya an yi masa madauki, mafarauci ya rataya a kafaɗarsa ta dama. Ɗaya bakin a sake yake, ba ƙulli ba ƙugiya, sai a zura shi ta cikin zoben ƙarfen da ke jikin abin wuyan kowane kare, a dawo da shi hannun hagu. Ke nan buɗe yatsu kawai mutum zai yi, igiyar ta zare da kanta ta cikin zobban, karnuka uku su tashi lokaci guda, ita kuma ta tsaya rataye a kafaɗarsa. Sau da yawa maza biyu ake haɗawa da mace ɗaya, macen don zafin nama da saurin cimma dabba, mazan don nauyi da ƙarfin riƙo.

Lokacin farautar kaka ne, daga watan Satumba, bayan an kwashe amfanin gona, filaye sun buɗe, ƙasa ta jiƙa da ruwa ta yi laushi. Idan sanyi ya daskarar da ita ta yi tauri sai a dakata, domin tana tsattsage dagin kare ta karya masa farce. Amma tun kafin kaka aikin ya fara. Akwai gwanin da sana'arsa kwaikwayon kukan kyarkeci. Da magariba zai je bakin kurmi ya dunƙule hannuwa a baki ya yi kukan uban ko na uwar, 'ya'yan da ke ciki su amsa masa. Daga amsar yake gane inda suke kwana da kimanin yawansu. Idan ya kuskure murya, uwar ta gane, a daren za ta kwashe 'ya'yanta ta bar wurin.

Tsakiyar Rasha gonaki ne masu faɗi da ƙananan kurame a warwatse, irin wannan kurmi mafarauta ke kira tsibiri. Ranar farauta ana raba jama'a biyu. Masu karnukan hanci, da garkensu na gommai, su za su shiga cikin kurmin. Su kan sa tufafi masu haske, ja ko makamancinsa, don a riƙa hango su, kuma aikinsu hayaniya ne. Masu borzoi kuwa tufafinsu masu duhu ne, kuma aikinsu shiru. Shugaban farauta yana raba su a kewayen kurmin, kowa a kan wata mafita da ake zaton dabba za ta bi. Sanin mafitar nan ilimi ne mai zaman kansa. Kyarkeci ba ya son tsallaka fili tsirara. Yakan bi kwari, ko jerin ƙananan itatuwa, ko gajeriyar hanyar da za ta kai shi kurmi na gaba. Yanyawar ƙasar, mai jan gashi da tarin wutsiya, takan bi kwazazzabo tana raɓewa. Mafarauci zai nemi wani daji ko gindin itace ya tsaya a jikinsa, ya lura da inda iska ke kaɗawa, ya tattara karnukansa a gefen likkafa. Dokin ma horarre ne, ba ya haniniya, ba ya tono ƙasa.

Sai a busa ƙaho, a saki karnukan hanci. Daga wajen kurmi ba abin da mai borzoi ke gani, da kunne yake bin farautar. Muryar garken tana gaya masa ko zomo suka tayar ko yanyawa ko kyarkeci, tana gaya masa ko sun doso shi ko sun yi nisa. Yana iya tsayawa awa guda a haka cikin sanyi, karnukan na rawar jiki a gefensa, igiya na cin tafin hannunsa.

Ga kyarkeci ya fito. A nan ne ake gane gwani, domin duk abin da jikin mutum ke ce masa a wannan lokaci shi ne ya saki, kuma saki a wannan lokaci ɓarna ce. Idan dabbar ta ga motsi tana kusa da bakin kurmi, juyawa za ta yi ta koma, kuma borzoi ba shi da wani amfani a cikin itatuwa, hasali ma yana iya karo da kututture ya karye. Dole a bar ta ta fito sosai, ta yi nisa da mafaka har komawa ta fi mata wuya a kan ci gaba. Amma in an yi jinkiri kuma, ta ba da ratar da ba za a cike ba, domin gudun borzoi na ɗan taƙi ne, 'yan ɗaruruwan mita, shi kuwa kyarkeci yana da numfashin da zai kai shi kurmi na gaba. Tsakanin garaje da jinkiri 'yan daƙiƙoƙi ne, kuma faɗinsu yana canzawa da laushin ƙasa, da gangare, da shekarun dabbar, da ƙarfin karnukan da ke hannunka a ranar. Ba a kuma sakin kare gaba da gaba da kyarkeci, an fi so a yanke masa hanya ta gefe. Idan lokacin ya yi, mafarauci zai zaburi doki, ya nufi dabbar don karnuka su gan ta, ya yi kirarin da ake yi wa kyarkeci, "ulyu-lyu", sannan ya buɗe hannu.

Abin da Rashawa suka fi daraja a gudun borzoi shi ne wani ƙarin zabura da yake yi a ƙarshe, wanda suke kira burosok. Karen yana cikin gudun da kai mai kallo ka ɗauka iyakarsa ke nan, sai ya rage 'yan taku tsakaninsa da dabbar, ka ga ya ƙara wani tashi kamar an harba shi. Na farkon da ya isa yakan bangaji kyarkecin da ƙirji ko ya fizge shi ta cinya don ya faɗi. Na biyu da na uku su kama wurin da ya dace, wato maƙogwaro ko gindin kunne, inda dabbar ba za ta iya juyo da kai ta yi sara ba. Karen kirki in ya kama nan ba ya saki, ba ya sake kamu, ba ya girgizawa, sai ya danne kawai ya jira. Wanda ya kama baya ko ciki shi ke komawa gida da rauni, in ya koma.

Duk wannan riƙo na ɗan lokaci ne, saboda haka dole mahayin ya iso a kan kari. Tun doki bai gama tsayawa ba yake dirowa. In kashewa za a yi, ya kama ƙafar baya da hannun hagu, ya soka wuƙa ta bayan kafaɗa, yana kiyaye karnukansa. In da rai ake so, sai ya faɗa a bayan kyarkecin ya haye shi, ya damƙe kunnuwansa biyu ya danna kan a ƙasa. Abokinsa ya kawo guntun sanda mai igiya a jiki ya gitta masa a baki. Da dabbar ta cije sandan sai a naɗe muƙamuƙin da igiyar, a zagayo da ita ta ƙeya a ƙulle, sannan a ɗaure ƙafafu. Sai an gama wannan ake janye karnuka, a duba jikinsu ɗaya bayan ɗaya.

Gaskiyar da tsofaffin mafarautan ba su ɓoye ba ita ce, yawancin kyarketan da ake kamawa 'yan bana ne da 'yan bara. Tsohon da ya ƙosa yakan watsar da karnuka ya wuce, kuma karen da zai iya riƙe shi sunansa yana zaga larduna.

Zomo shi ne abincin yau da gobe na wannan farauta, kuma shi ke auna gudu. Mahaya kan jeru a layi su ratsa fili a hankali suna kaɗa bulala har ya tashi daga makwancinsa. Zomon fili na Rasha babba ne mai dogayen ƙafafu, kuma dabararsa ita ce ya bari kare ya kusa taɓa shi sannan ya karya kwana. Karen da ke cikin cikakken gudu sai ya zarce, kafin ya juyo an ba shi rata. Shi ya sa ake sakin biyu ko uku: na gaba ya tilasta masa juyawa, na baya ya yanke kwanar. Idan an kama, mafarauci zai sauka ya karɓa, ya yanke dagin ƙafafun baya ya raba wa karnukan, ladansu ke nan a wurin. Zomo ta ƙafafun baya ake rataye shi a sirdi, yanyawa kuma ta wuya.

Leo Tolstoy, wanda shi kansa ya yi wannan farauta, ya sa ta a littafinsa na Yaƙi da Zaman Lafiya da ya kammala a 1869. Iyalin Rostov sun fita da karnuka wajen 130 da mahaya kusan 20. An ba tsohon maigidan mafita mai kyau, amma ya shagala da hira da baransa, kyarkeci ya fito ta gabansa ya wuce. Danilo, bawansa mai kula da karnuka, ya iso a sukwane ya ɗaga masa bulala ya zazzage shi, maigidan kuma bai iya cewa uffan ba. Daga baya Danilon ne ya diro daga doki ya haye tsohon kyarkecin. Tolstoy ya san inda ilimin yake. Masu gidajen sun mallaki ƙasa da dawaki da karnuka, amma masu tashi da asuba su dafa fate-fate, masu kwana da karya mai naƙuda, masu ɗinke raunin kare, bayin gandu ne waɗanda ba a rubuta sunayen yawancinsu ba. Wannan daula tana da muninta. A wani wasan kwaikwayo da Aleksandr Griboyedov ya kammala a 1824 an ambaci wani basarake da ya musanya amintattun barorinsa da borzoi uku, kuma masu sauraro a lokacin ba su ɗauki zancen a matsayin ƙari ba.

Da Sarki Aleksanda na Biyu ya 'yanta bayin gandu a 1861, manyan gidajen farauta da yawa suka watse, tunda babu sauran hannun da zai yi aikin kyauta. Irin borzoi ma ya riga ya gauraya da karnukan Kirimiya da na duwatsun Kaukasus. Masu kishinsa suka kafa ƙungiya, suka fara baje kolin karnuka a Mosko a shekarun 1870, a 1888 kuma aka amince da rubutaccen ma'aunin siffarsa wanda Nikolai Yermolov ya tsara. Shekara guda kafin haka, a 1887, Yarima Nikolai Nikolayevich ya kafa gidan farauta a Pershino cikin lardin Tula, ya damƙa shi a hannun Dmitri Valtsov. Borzoi fiye da ɗari ake ajiyewa a can, ana haɗa su bisa launi, kuma ba a barin kare ya yi barbara don kyansa kaɗai sai ya nuna kansa a fili. Lissafin da gidan ya ajiye daga 1887 zuwa 1913 ya nuna kyarkeci 681, yanyawa 743, da zomaye fiye da 8,600.

Yaƙin duniya na farko ya rufe Pershino, juyin juya halin 1917 kuma ya zo da fushi a kan duk abin da ke tuna wa talaka da iyayengijinsa, aka kashe karnuka da yawa. Abin da ya ceci irin shi ne waɗanda suka riga suka fita. A Ingila, Kathleen, uwargidan basaraken Newcastle, ta tara nagartattu, aka kuma kafa ƙungiyar masu borzoi a 1892. Wani Ba'amurke, Joseph Thomas, ya je Rasha da ƙafarsa a 1903 ya ziyarci Pershino, ya koma da wani kare mai suna Bistri wanda jininsa ya bazu a Amurka. A can ana kiran borzoi karen kyarkeci na Rasha har zuwa 1936 da aka mayar masa da sunansa. A shekarun 1920 ya zama abin ado, 'yan fim da matan attajirai suna ɗaukar hoto da shi a gefen doguwar riga, da yawansu ba su taɓa ganin ya miƙe a fili ba. A cikin Tarayyar Sobiyat kuwa mafarautan karkara na kudu ne suka riƙe ragowar, domin yanyawar da kare ya kama fatarta ba ta da hujin harsashi, kuma fata kuɗi ce.

Halinsa a gida yana ba baƙo mamaki. Kare ne mai shiru, da wuya ka ji haushinsa, saboda haka ba ya gadi. Yakan sami wuri mai laushi ya miƙe ya yini, yana tsabtace jikinsa, yana bin mutanen gidan da ido. Baƙo ba ya samun fara'a ko faɗa daga gare shi, kallo ɗaya zai yi masa ya kau da kai. Ga nasa kuwa yana da ƙauna mai sanyi, ya zo ya jingina dogon kansa a cinyarka. Ba ya jure tsawa ko duka, kuma in an maimaita masa umarni ɗaya sau goma sai ya daina kulawa. Wasu na ɗaukar wannan taurin kai ne, ni kuwa ina ganin gadon aikinsa ne: karen da aka saba saki ya yi nisan rabin kilomita, ya yanke shawara shi kaɗai a gaban kyarkeci, ba zai zama mai jiran a gaya masa komai ba.

Wannan gado yana nan da ransa, shi ya sa masu kiwonsa ba sa kwance masa igiya sai a fili mai shinge. Kyanwa ko akuya ta gilma a guje, kafin ka buɗe baki ya kai titi, kuma ba ya ganin mota idan idonsa na kan abin da yake bi. Zurfin ƙirjinsa yana sa shi cikin haɗarin murɗewar tumbi, don haka ake raba masa abinci kashi biyu ko uku, ba a kuma barinsa ya yi gudu da cikakken ciki. Ƙarancin kitsensa yana sa wasu magungunan sa barci su daɗe a jikinsa, abin da likitan dabbobi ke lura da shi kafin tiyata. A Turai da Amurka yanzu farar leda ake ɗaura wa igiya, inji ya ja ta a fili tana karya kwana, karnuka su bi, alƙalai su ba da maki. A kudancin Rasha kuwa har yau idan kaka ta yi masu borzoi kan jeru a layi, wasu a ƙasa wasu bisa doki, su ratsa gonakin da aka girbe, alƙali na biye yana auna gudun kowane kare, da kaifin idonsa, da yadda ya yi da zomon bayan ya kama.